Tsarin ɗaya-a-kunne a koyon na'ura

Tsarin ɗaya-a-kunne, wanda masana ke kira one-hot encoding a Turance, hanya ce ta mayar da bayanan rukuni zuwa lambobi domin kwamfuta ta iya koyo daga gare su. Bayanan rukuni su ne waɗanda amsarsu suna ce ba adadi ba, kamar jihar da mutum ya fito, irin sana'arsa, ko irin hatsin da ya shuka. Yawancin dabarun koyon na'ura lissafi suke yi, tarawa da ninkawa, don haka kalmar "gero" a cikin jadawalin Excel ba ta da amfani a wurinsu sai an ba ta siffar lamba. A wannan tsari kowane rukuni yana samun ginshiƙinsa, wato layinsa na tsaye a jadawali. A kowane layin kwance ginshiƙi ɗaya tak ne ke ɗauke da 1, sauran duk 0.

Asalin suna

Sunan ya fito ne daga injiniyancin lantarki, inda ake ƙera da'ira mai wayoyi da yawa amma waya ɗaya kaɗai ke ɗauke da wuta a kowane lokaci, kuma wayar da ke kunne ita ke nuna halin da na'urar take ciki. Masana ƙididdiga kuwa sun daɗe da sanin dabarar da wani sunan. A 1957 masanin tattalin arziki Daniel Suits ya wallafa maƙala kan amfani da ginshiƙan 0 da 1 a lissafin hasashe. Kafin shi, a 1946, masanin halayyar ɗan Adam S. S. Stevens ya raba ma'aunai gida huɗu, ya bambanta rukunin da suna ne kawai da rukunin da ke da jeri. A kan wannan bambanci ne dabarar take tsaye.

Yadda ake yi

A ɗauki jadawalin wani dillalin hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, mai ginshiƙin da aka rubuta irin kaya: gero, dawa, masara, shinkafa. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya ba gero 1, dawa 2, masara 3, shinkafa 4. Nan ne gizo ke saƙa. Na'ura za ta ɗauka shinkafa ta ninka dawa sau biyu, kuma in an haɗa gero da masara an raba biyu sai a samu dawa, maganar da ba manomin da zai yarda da ita. Lambobin sun ƙirƙiro jeri da tazara a inda babu su.

Da tsarin ɗaya-a-kunne sai a cire ginshiƙin nan a sa huɗu a madadinsa. Buhun gero ya zama 1, 0, 0, 0. Na dawa ya zama 0, 1, 0, 0. Haka har zuwa shinkafa. Yanzu tazarar da ke tsakanin kowane iri biyu daidai take, ba wanda ya fi wani kusa ko girma, kuma na'urar tana iya koyon tasirin kowane hatsi a kan farashi daban.

Ba kowane rukuni ke buƙatar haka ba. Matakin karatu, firamare da sakandare da jami'a, yana da jeri na gaskiya, kuma sau da yawa ba shi 1, 2, 3 ya fi dacewa, domin fasa shi gida uku zubar da wannan jerin ne.

A jadawali ƙarami ana iya yin aikin da hannu a Excel da umarnin IF. A manyan ayyuka an fi amfani da harshen Python: manhajar pandas, wadda Wes McKinney ya fara a 2008, tana da umarnin get_dummies mai yin wannan aiki, manhajar scikit-learn kuma tana da nata mai suna OneHotEncoder.

Tsabtace bayanai kafin komai

Wannan shi ne sashen da aka fi rainawa, alhali shi ya fi cin lokaci. Kwamfuta ba ta san Sokoto da Sakkwato gari ɗaya ba ne, ko Zaria da Zariya, ko Zinder da Damagaram. Ba ta san "Kano" da "kano" da "Kano " mai ɗan fili a ƙarshe abu guda ba ne. Kowanne za ta buɗe masa ginshiƙi, bayanan gari ɗaya su tarwatse gida uku. Bayanan Hausa suna da ƙarin tasu matsalar ta haruffa masu lanƙwasa: ma'aikaci ɗaya ya rubuta "ƙira" a gurbin sana'a, wani da wayarsa ba ta da harafin ya rubuta "kira". Dole ne mutumin da ya san harshen ya zauna ya daidaita rubutun, kuma ya dubi jerin rukunan da idonsa kafin a danna komai.

Gurbin da aka bari babu komai shi ma yana buƙatar shawara. In ba a ce mata komai ba, get_dummies tana ba irin wannan layi sifili a duk ginshiƙai. Wani lokaci ya fi kyau a buɗe masa ginshiƙin kansa, domin ƙin amsa tambaya, kamar ta kuɗin shiga, shi kansa bayani ne.

Tarkuna biyu

Na farko na lissafi ne. Tunda 1 guda ce a kowane layi, jimillar ginshiƙan kullum 1 ce, ke nan wanda ya san uku ya san na huɗu. A lissafin hasashe na miƙaƙƙen layi wannan maimaici yana hana samun amsa guda tabbatacciya. Maganinsa a jefar da ginshiƙi ɗaya ya zama ma'auni. In an jefar da gero, ana karanta tasirin dawa da masara da shinkafa ne a kan yadda suka bambanta da gero. Dabarun da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba su cika damuwa da wannan ba, ana bar musu ginshiƙan duka.

Na biyu yana bayyana ne bayan an gama horo, wato ba na'ura bayanan da za ta koya daga gare su. An horar da na'ura da hatsi huɗu, sai ran nan aka kawo wake. In an sarrafa sabbin bayanan daban da get_dummies, yawan ginshiƙai zai canza, na'urar kuma ta ƙi aiki, ko ta karanta ginshiƙi a matsayin wani. Shi ya sa ake fitar da jerin rukunai daga bayanan horo, a adana shi, a riƙa amfani da shi kullum. OneHotEncoder tana da zaɓin ba baƙon rukuni sifili a ko'ina. Sai dai in an riga an jefar da ginshiƙin gero, sifili a ko'ina na nufin gero, sai waken ya shiga a matsayin gero ba wanda ya lura.

Idan rukunai sun yi yawa

Jihohin Najeriya 36 da Abuja ginshiƙai 37 ne, abu mai sauƙi. Ƙananan hukumomi 774 wani zance ne daban. Jadawali mai layi 100,000 zai samu gurabe 77,400,000, waɗanda 100,000 kaɗai ke da 1. Don haka scikit-learn take adana wuraren da 1 take kawai, ba ta rubuta sifilan. Ko da an shawo kan matsalar ma'ajiya, ƙaramar hukumar da ta bayyana sau uku a jadawali ba ta isa a koyi komai a kanta ba, kuma dabarun bishiyar yanke shawara, masu rarraba bayanai ta jerin tambayoyin i ko a'a, suna raunana idan aka farfasa musu bayani haka.

A nan akan tattara rukunan da ba su cika fitowa ba a ƙarƙashin "sauransu", ko a maye gurbin kowane rukuni da matsakaicin abin da ake hasashe a wannan rukunin, hanyar da ke buƙatar kulawa kada amsar da ake nema ta zurara cikin bayanan da ake ba na'ura. Manhajojin koyon na'ura irin su LightGBM na Microsoft da CatBoost na Yandex suna karɓar bayanan rukuni kai tsaye. A sarrafa harshe, inda kowace kalma rukuni ce kuma ƙamus na da dubban kalmomi, an koma ga ba kowace kalma gajeren jerin lambobi da na'ura ta koya da kanta, hanyar da tsarin word2vec na Google ya yaɗa daga 2013. A irin wannan jeri "gero" da "dawa" suna iya zama maƙwabta, "gero" da "mota" su yi nisa.