Don Allah ku daina ce wa yaro daƙiƙi

Kusan kullum sai an zo mini da magana iri ɗaya: "Malama, yaron nan kansa ba ya ja, ko akwai maganin buɗe ƙwaƙwalwa?" Kuma a gaban yaron ake faɗa. Yana tsaye, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, ana jera masa sunaye: daƙiƙi, jaki, dolo, mai ƙwaƙwalwar kifi. Haba jama'a!

Kwanakin baya wata uwa ta kawo 'yarta mai shekara 8, ta ce duk ajinsu ita ce ta ƙarshe. Na ɗaga takardar haruffa daga nesa, yarinyar ta yi ta ƙanƙance ido. Na matso da ita, sai ga ta tana karantawa tiryan-tiryan. Ashe allo ne ba ta gani. An yi mata tabarau, ido ya gyaru. Amma da suka dawo na yi mata wata 'yar tambaya, ban ma rufe baki ba ta ce, "Ni ai ba na ganewa." Wannan ya fi ciwon idon ƙona mini rai, don shi ba ni da tabaransa. A gida aka dasa mata shi.

Na san ba ƙiyayya ba ce. Gajiya ce da tsoron kada yaro ya lalace, wasu kuma gani suke zagi zai zaburar da shi. Ba ya zaburarwa. Abubuwa kaɗan ne tunanin mutum ke iya riƙewa a lokaci guda. Idan kina tsaye a kansa da tsawa, bulala a hannu, tsoro ya cinye wurin, ina lissafi zai zauna? Shi ya sa abin da ya iya da safe yake ɓace masa a gabanki da dare.

Ko wanda ya fara ƙirƙiro gwajin basira, Alfred Binet, da abokin aikinsa Theodore Simon a Faransa a 1905, sun yi shi ne don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Binet bai taɓa yarda cewa basira tsayayyen abu ce da ba ta ƙaruwa ba. To ke wa ya ba ki ma'aunin da kika yanke wa ɗan shekara 7 hukunci? A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun bayyana abin da suka yi a wata firamare a Kalifoniya ta Amurka: sun gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali haka kawai aka tsinto sunayen. Ƙarshen shekara yaran nan, musamman 'yan aji 1 da 2, suka fi sauran ci gaba a gwajin basira. Kallon da babba ke yi wa yaro yana bin sa har cikin aji.

Masu yabo ma kada su ji sun tsira. A binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, yaran da aka yaba wa da "kana da basira" sun fi zaɓar aiki mai sauƙi, kuma da suka faɗi sun fi saurin karaya, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Amma wannan da sauƙi. Zagin nan ne dai, zagin nan!

Kafin bakinku ya sake furta daƙiƙi:

- a duba ido da kunne
- a duba ƙarancin jini
- barcin awa 9 zuwa 12 ga ɗan shekara 6 zuwa 12
- karatu kaɗan-kaɗan, a huta, a maimaita gobe
- a faɗi abin da ya yi daidai kafin a nuna kuskure
- a daina gwada shi da ƙaninsa
- idan yana da wayo a magana amma haruffa na rikice masa, a kawo shi, akwai masu irin wannan kuma ana taimaka musu

Duk wadda za ta kawo mini yaro gobe, ta bar shi a waje kafin ta fara ba ni labarinsa. Na gaji da ganin yara suna sauraron ana siffanta su da jaki a gabana.