Mai gudu da ƙwallo da 'yan katanga a ƙwallon Amurka

Mai gudu da ƙwallo, wato ranin bak, shi ne ɗan wasan da kwatabak, wato jagoran masu kai hari, ke miƙa wa ƙwallo hannu da hannu a wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ya rungume ta ya kutsa. A gabansa akwai ƙarta biyar, yawanci kowanne ya haura kilo 130, aikinsu su ture abokan hamayya su buɗe masa kafa. Su ake kira 'yan katanga. Da yadi ake auna nisan da ya kai ƙwallo gaba, kuma an daɗe ana musu kan wa ke kawo yadin, shi ko su.

Masu cewa katanga ce suna kafa hujja da ƙungiyar Denver Broncos zamanin koci Mike Shanahan. Mai gudunsu Terrell Davis sai a zagaye na 6 na zaɓen sababbin 'yan wasa aka ɗauke shi a 1995, amma ya ci yadi 2,008 a 1998. Da ya ji ciwo a gwiwa aka saka Olandis Gary ya haura 1,000, aka saka Mike Anderson shi ma ya haura, haka Clinton Portis, haka Reuben Droughns, kai kusan duk wanda aka ba ƙwallo sai ya zama tauraro, saboda tsarin Alex Gibbs ne, kocin 'yan katangarsu, ƙartan su zame gefe ɗaya tare, mai gudu ya hango kafa ya yanka sau ɗaya ya miƙe, ba rawar ƙafa. DeMarco Murray ma ya yi 1,845 a Dallas a 2014, ya koma Philadelphia ya ƙare da 702.

Ɗaya ɓangaren kuma Barry Sanders suke nunawa. A Detroit sau da yawa kafin ya ɗaga ƙafa an riga an cim masa, sai ya goce ya juya ya bar mutum yana rungumar iska, a haka ya yi 2,053 a 1997. Shi ya sa har yau wasu ke fifita shi kan Emmitt Smith wanda ya fi kowa tara yadi a tarihin NFL da 18,355, wai shi Emmitt a bayan katangar Dallas ya sha daɗi. Wannan maganar kam akwai rage wa Emmitt daraja a ciki.

Masu lissafi yanzu sun raba yadin gida biyu, wanda aka ci kafin a taɓa mutum, galibi na katanga ne da tsarin koci, da wanda ya ƙwata bayan an taɓa shi, wannan nasa ne. Saquon Barkley ya yi 962 a ƙungiyar Giants a 2023, ya samu katangar ƙungiyar Eagles ya yi 2,005 a 2024. A wajen albashi dai ƙungiyoyi sun fi zuba kuɗi kan mai tsaron gefen hagu na katanga fiye da kan mai gudu da ƙwallo.