Waiwaye: Yadda Kokawar Mata ta Ginu a Japan

Duk mai kallon WWE, kamfanin kokawa na Amurka, ya san Asuka da Iyo Sky, 'yan kokawa mata daga Japan. Amma gidan da ya tarbiyyantar da irinsu ya daɗe. Tun 1954, lokacin da Ba'amurkiya Mildred Burke ta zagaya Japan da tawagarta, Japanawa suka fara ɗaukar kokawar mata da muhimmanci. A 1968 'yan gidan Matsunaga suka kafa kamfanin da ake kira Zenjo, wanda ya riƙe ragamar harkar kusan shekara talatin.

A horo ne sirrin Zenjo yake. Yarinya za ta gama ƙaramar sakandare tana da shekara 15, ta ci gwajin shiga, ta tare a ɗakin kwanan kamfani. Ita ce mai kafa dandalin wasa da kwance shi, ita ce mai wa manya wanki da ɗaukar jaka. Idan aka fara saka ta wasa, rigar ninkaya ce kawai a jikinta, kuma ba a yarda ta yi salon manya ba sai ta ƙware a faɗuwa. Wasanni sun haura 200 a shekara, yau wannan gari gobe wancan, a cikin bas. Dokoki uku ne a kanta: ba giya, ba taba, ba saurayi. Da ta kai wajen shekara 25 kuwa, sai ritaya, ko da lokacin take tashe.

Wannan dokar ta ƙarshe, a ganina, asara ce tsagwaronta, domin a shekarun ne ɗan kokawa ke nuna.

'Yan kokawa biyu da ake kira Beauty Pair sun jawo 'yan mata 'yan makaranta daga 1976, suna kokawa suna waƙa. Sai zamanin Crush Gals, wato Chigusa Nagayo da Lioness Asuka (ba Asuka ta WWE ba). A watan Agustan 1985 a Osaka, Dump Matsumoto ta kayar da Nagayo a wasan da aka sa gashi a matsayin caca. Aka zaunar da ita a tsakiyar dandali aka aske mata kai, 'yan kallo na ta rusa kuka.

Daga baya aka sassauta dokar ritaya, su Manami Toyota da Aja Kong da Bull Nakano suka daɗe ana damawa da su, har aka kai wasan mata babban filin wasa na Tokyo Dome a Nuwamban 1994. Bashi ya durƙusar da Zenjo a 1997, ya rufe a 2005.

Horon dai bai mutu ba. Nagayo ta kafa kamfanin GAEA a 1995, ta yaye Meiko Satomura, ita kuma ta buɗe tata makarantar a Sendai. Kamfanin kokawar mata na Stardom ya fara wasa a 2011, kuma daga nan Iyo Sky ta tsallaka Amurka a 2018, tana da shekara 28.