Gasar Rubutun Maƙala kan Dokokin Haƙƙin Ɗan Adam

Gasar rubutun maƙala kan dokokin haƙƙin ɗan Adam gasa ce da ake shirya wa ɗalibai, galibi masu karatun lauya, inda ake ba su maudu'i su yi rubutu a kansa cikin ƙayyadadden lokaci da adadin kalmomi. Ƙungiyoyin lauyoyi da tsangayoyin shari'a ne suka fi shirya ta. Wasu masu shiryawa kan haɗa ta da 10 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙin ɗan Adam a Paris a 1948.

A Zariya, waɗanda irin wannan gasa ta fi shafa su ne ɗaliban Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka kafa a 1962. Tsangayar tana harabar Kongo, kuma ana koyar da dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci a cikinta. Saboda haka ɗalibin Kongo na iya tunkarar maudu'i ta fuska biyu: ya kawo tsarin mulki, ya kuma kawo manufofin shari'a biyar da malaman usulu suka zayyana, wato kare addini, rai, hankali, nasaba da dukiya.

Ginshiƙin kowace maƙala a Najeriya shi ne Babi na 4 na tsarin mulkin 1999, daga sashe na 33 zuwa na 46. Nan ne aka tanadi haƙƙin rayuwa, da mutunci, da sauraron ƙara bisa adalci, da 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki. Sashe na 35, alal misali, ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40.

Inda ake gane gwani kuwa shi ne Babi na 2. Ilimi da lafiya suna can, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika su. Ɗalibin da bai lura da wannan ba sai ya cika takarda da koke-koke babu hujja. Wanda ya yi karatu yakan waiwayi Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983. A shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce kotunan ƙasar na iya aiki da yarjejeniyar, sai dai tsarin mulki yana samanta.

Alƙalan gasa sukan duba ƙarfin hujja, da hukunce-hukuncen kotu da aka kafa hujja da su, da tsabtar harshe. Kwafar aikin wani na fitar da ɗalibi daga gasa. Yawanci da Turanci ake rubutun, domin shi ne harshen manyan kotuna da na koyarwa a jami'a.