Waiwaye: yadda ɓarawon lambu ya zama mai hasashen yanayi a Amurka

Duk 2 ga Fabrairu sai ka ga hotunan sun cika soshiyal midiya, wasu dattawa da baƙaƙen kwat da dogayen huluna sun ɗaga wata dabba sama jama'a na ta ihu cikin sanyin asuba. Sunanta groundhog, dangin kurege ce amma ta fi shi ƙiba nesa ba kusa ba, babba ya kan kai kilo 5 zuwa 6. Wai idan ya fito daga rami ya ga inuwarsa to akwai sauran sati 6 na sanyi, idan bai gani ba sanyi ya kusa tafiya.

Asalin abin ma ba na Amurka ba ne. Kiristocin Turai na da bikin Candlemas ran 2 ga Fabrairu, kwana 40 bayan Kirsimeti, kuma manoma sun daɗe suna cewa in rana ta fito tar a ranar to hunturu bai gama da su ba. Jamusawa suka sa dabba a ciki, wata mai haƙa rami dangin dage, ita ce ake cewa tana leƙowa ta duba inuwarta. Da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka a ƙarni na 18 sai suka tarar da groundhog ko'ina a gonaki, shi ma yana barcin hunturu a rami, shi ke nan aka ɗora masa aikin. Kusan yadda mu ke kallon shamuwa mu ce damina ta zo, sai dai ita shamuwa da gaske take bin ruwan.

A garin Punxsutawney da ke jihar Pennsylvania, jaridar garin ta ambaci ranar a 1886, a 1887 kuma aka fara hawa tudun Gobbler's Knob a taro. Abin dariya, mutanen farko farautarsa suke yi su ci namansa a walima. Daga baya ne aka raɗa masa suna Phil, aka ba shi ɗaki a jikin laburaren garin, masu kula da shi har cewa suke wai Phil ɗin tun 1886 shi ne dai, suna ba shi wani tsimi na tsawon rai. Alhali a daji da ƙyar yake wuce shekara 6! Fim ɗin Groundhog Day na 1993 shi ya ƙara wa abin wuta, taron da bai wuce ƴan dubbai ba ya koma dubun dubata. Kanada ma ta yi nata, akwai Wiarton Willie a Ontario da Shubenacadie Sam a Nova Scotia, na Staten Island da ke birnin New York kuwa ya gantsara wa magajin garin na lokacin, Bloomberg, cizo a 2009.

Amma tambayi mai lambu ka ji. Sare dazuka da aka yi don noma ya yi wa groundhog daɗi, yana son bakin gona da bayan gida, ya haƙa rami mai ƙofa biyu ko fiye a ƙarƙashin sito, da safe ka fito ka ga wake da latas an aske su tas. A 1883 jihar New Hampshire sai da ta sa ladan senti 10 ga duk wanda ya kashe ɗaya.

Hasashen kuwa, waɗanda suka bi lissafi sun ce bai kai rabi yana dacewa ba, wato jefa kwabo ma ya fi shi. Kuma fitowar da namijin ke yi a watan Fabrairu ba ruwanta da inuwa, zagayawa yake ya gano ramukan mata kafin lokacin barbara, ya gama ya koma ya ci gaba da barcinsa zuwa Maris.