Mene ne huang pian a shayin Pu'er, kuma yaya ake haɗa shi?

Mai leƙa shagunan shayin ƙasar Sin a intanet zai ci karo da kalmar huang pian, galibi a jikin curin shayin da ya fi 'yan uwansa araha. A Sinanci tana nufin ganye mai launin rawaya, kuma suna ne na ƙosassun ganyayen da ake tsincewa daga ɗanyen Pu'er.

Pu'er shayin lardin Yunnan ne, a kudu maso yammacin Sin, daga itace mai faffaɗan ganye da ake nomawa a Xishuangbanna, Lincang da yankin Pu'er kansa. Iri biyu ne. Akwai shou, wanda ake tarawa a yayyafa masa ruwa a lulluɓe don ya nuna da wuri, dabarar da ta samu a shekarun 1970. Shi kuwa sheng, wato ɗanye, ba a yi masa haka. Ana barin ganyen ya yi yaushi, a gasa shi sama-sama a babban kasko, a murza, a shanya a rana. A wajen murzar ne huang pian ke fitowa fili. Toho da ganye biyun sama suna nannaɗewa, amma na ƙasa da su sun yi kauri, ba sa naɗuwa, sai su bushe a shimfiɗe. Da hannu ake tsince su saboda suna rage wa curi kyan gani. A da manoma ke sha a gida, yanzu ana matse shi kamar bulo, ko a yi faifai mai giram 357, a kai kasuwa.

Arahar ba ta nufin lalatacce ne. Itace ɗaya ne, tsinka ɗaya. Tsohon ganye bai kai toho ɗaci da bauri ba, sinadarin da ke hana barci ma ya fi ƙaranci a cikinsa, shi ya sa ruwansa ke da zaƙi da laushi tun yana sabo. Abin da ya rasa shi ne ƙarfi: ba ya cika baki kamar sheng na toho. Kuma idan itacen ba nagari ba ne, huang pian ɗinsa salam zai kasance.

Wajen haɗawa, a auna giram 6 zuwa 7 ga ruwa mililita 100, a gaiwan, ƙaramin kwanon tangaran mai murfi, ko a ƙaramar buta. A yi amfani da sikeli, domin ganyen yana cika hannu amma ba shi da nauyi, mai kimantawa da ido yakan sa kaɗan. A ɓamɓaro shi daga gefen curi da tsinken ƙarfe, falle-falle. Idan aka farfashe shi ya zama gari, ɗaci zai fito nan take. Ruwan ya zama tafasasshe sosai. Nan ne aka fi yin kuskure, a bi ƙa'idar koren shayi a bar ruwa ya huce, alhali ganye mai kauri ba ya sakin daɗinsa sai da zafi. Zubin farko na daƙiƙa 10 wanki ne, a zubar, a rufe minti ɗaya ganyen ya buɗe. Daga nan daƙiƙa 20, sai 30, ana ƙarawa a hankali, kuma kowane zubi a tsiyaye ruwan duka. Yakan kai zubi takwas.

Idan ɗanɗanonsa ya fara raguwa, kada a zubar da ganyen. Ga wanda ya saba da dafa shayi a kan gawayi, wannan na cikin 'yan tsirarun shayin Sin da ke jure tafasa: a juye shi cikin ruwa rabin lita, a rage wuta, minti 5. Ba ya buƙatar sukari ko madara.

Wurin ajiya ya kasance nesa da kicin, turare da sabulu, domin Pu'er yana zuƙar wari. Da damina laima kan sa ya yi fumfuna, da hunturu kuma bushewar iska tana kashe ƙamshinsa, don haka a bar shi cikin takardarsa, a sa a kwali ko tulun ƙasa mai murfi.