Kafin Visma ta zama dodo, ta taɓa yin wata shida ba mai sa suna a rigarta

Tun 2023 da ƙungiyar keken nan ta Holan, Visma, ta haɗa manyan tseren nan uku ta cinye, Roglič a Italiya, Vingegaard a Faransa, Kuss a Sifen, ake ta cacar baki wai kuɗi ya lalata wasan, a sa wa albashi iyaka kawai. To amma wannan fa ba dare ɗaya Allah ya yi bature ba.

Tun 1984 ɗan tseren keke Jan Raas ya kafa ta da sunan Kwantum, ta yi ta sauya suna kamar hawainiya, Superconfex, Buckler, WordPerfect, Novell, sannan Rabobank daga 1996. Haka harkar take, a bakin titi ake kallo ba kuɗin tikiti, ba wani kaso na kirki daga talabijin, duk wanda ya biya shi ke da gaban riga.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ƙarshen 2012. Badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari ta girgiza wasan baki ɗaya, bankin Rabobank ya ce a cire sunansa, amma ya ci gaba da biyan kwantiragin da ya sa wa hannu. Sai suka shigo 2013 da suna Blanco, wato fayau ba komai, ka ga manyan ƴan tsere a titi ƙirjinsu ba sunan babban kamfanin da ke ɗaukar nauyinsu, kamar allon talla da ke jiran mai haya. Sai dab da tseren Faransa na shekarar kamfanin Belkin ya shigo, shi ma bai wuce 2014 ba.

Ni dai a ganina nan aka yi ta. Ba su da kuɗin sayen taurari, dole suka koma tsince-tsince da lissafi, auna abinci, atisaye a kan tsaunuka, kula da barci, irin abubuwan da ba sa fitowa a hoto. Roglič da suka ɗauko a 2016 ɗan tsallen kan ƙanƙara ne a da, Vingegaard kuwa ya yi aikin kifi a wata masana'anta a Denmak kafin su kawo shi a 2019. Kamfanin Jumbo ma da aka ci duk kofunan nan da sunansa ya tattara nasa ya nasa a ƙarshen 2023 ɗin, rigar ta koma Visma-Lease a Bike.